'Yar alamar da ta cinye min kwana biyu

Ƙannena masu koyon aikin kwamfuta, ku zo ku ji wautar da na tafka, ko kwa kauce wa ramin da na faɗa.

Wani Alhaji mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari ne ya ba ni aikin kwashe saƙonninsa na imel daga Outlook zuwa rumbun bayanai na Access, don duk cinikin da aka yi a same shi ba sai an sha wahalar nema ba. Na rubuta umarnina, na danna, saƙonni suka fara shiga tiryan-tiryan. Can sai abu ya cije, wani ɗan akwati ya fito ɗauke da lambar kuskure 3075. Ko karantawa ban yi ba. Na rufe, na sake dannawa. Na kashe kwamfutar na kunna. Har Office ɗin, wato manhajar da ta ƙunshi Outlook da Access, na sauke na sake ɗorawa. Kwana biyu ina ɗora wa na'ura laifi.

Rana ta uku Alhaji ya leƙo ya ce, "Yaro, wai a kan saƙon wa yake tsayawa ne kullum?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ban duba ba." Kunya ta kama ni, domin mutumin da ko imel ɗinsa yaransa ke buɗe masa ya riga ni gano tambayar.

Da na duba, ashe wuri guda yake tsayawa: saƙon wani mai saye da ke da 'yar alamar nan ta sama a sunansa, irin ta Isma'il ko Sa'adatu. A harshen SQL, wanda da shi ake ba rumbun bayanai umarni, da wannan alama ake buɗe rubutu, da ita ake rufewa. To da Access ya kai "Isma" sai ya ɗauka suna ya ƙare, "il" ɗin kuma ya zame masa umarnin da bai sani ba. Mu kuwa rubutunmu cike yake da ita: 'ya'ya, ma'aikata, sana'a, jama'a. Maganin bai kai minti biyar ba. Ko dai ka sa a ninka alamar ta zama biyu kafin a tura, ko ka zuba rubutun kai tsaye cikin gurbinsa ba tare da ka saƙa shi cikin jimlar umarni ba. Na biyun na fi so, ya fi kwanciyar hankali.

Daga nan na koyi rubuta lambar kuskure a takarda tare da saƙon da ya jawo ta. Da 3163 ta fito, nan take na gane gurbin ne ya yi kaɗan. Gurbin gajeren rubutu harafi 255 kawai yake ɗauka, ni kuma jikin wasiƙa sukutum nake cusa masa. Na mai da shi na dogon rubutu, shi ke nan. Kwanan wata ma ya so ya ruɗa ni, don a cikin umarni Access yana fara karanta wata kafin rana kamar yadda ake yi a Amurka, sai 4 ga Maris ta koma 3 ga Afrilu ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ya fi haɗari, tunda shiru yake yi.

Babbar asarar da na yi kuwa kwaɗayi ne ya jawo ta. Na ce har hotunan atamfofin da ake liƙowa sai sun shiga rumbun. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, hotuna kuma ba sa wasa da wuri. Yana dab da cika aka ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa, fayil ya ƙi buɗuwa, ba ni da kwafi ko ɗaya. Aikin mako uku na sake daga farko.

Yanzu hotuna a jaka daban nake ajiye su, adireshinsu kawai ke shiga rumbun. Kafin in saki dubban saƙonni sai na gwada da ashirin, a ciki na tabbatar akwai mai ƙ da ɗ, akwai doguwar wasiƙa, akwai sunan da ke da alamar nan. Kwafi kuma kullum kafin a rufe shago da magariba, a filashin da ke aljihuna.