Silin falonmu

Talata da daddare, Bamingham.

Yau mai gwajin asbestos ya zo, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ake cuɗawa a kayan gini a da. Tun da muka tare a gidan nan silin falon ke damuna, irin mai gurji-gurjin nan da suke kira Artex, ga shi ya tsage ta wajen taga. Baban Ummi har ya aro tsani, wai ranar Asabar zai kankare shi tas. Allah ya sa maƙwabciyarmu ta gani, ta ce kada mu kuskura, gidan ginin 1972 ne, ƙila akwai asbestos a silin.

Mutumin ya ce mu fita da yara, sai na tsaya ina leƙe ta taga. Ya sa farar riga mai hula, ya ɗaura takunkumi, ya shimfiɗa leda a ƙasa. Sai da ya jiƙa wurin kafin ya ɓantaro ɗan ɓarɓashi, bai fi farcen yatsa ba, daga wuri uku. Leda biyu ya sa kowanne, ya goge da ɗanyen tsumma, ya shafe gurbin da fenti.

Da ya fito na ce, "Duk wannan shirin a kan ɗan abin nan?" Ya ce har tsakiyar shekarun 1980 ana cuɗa farin asbestos a irin wannan shafen, sai 1999 Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya. In ba a taɓa shi ba, ba ya komai. Ƙurar ce masifa: ido ba ya ganinta, ta shige huhu ta zauna, sai bayan shekara 20 ko 40 ciwon daji ya bayyana. In gwaji ya nuna akwai, ko a yi filasta a rufe, ko ƙwararru su jiƙa shi su cire, kuma ba a zuba shi a sharar gida.

Gabana ya faɗi, don gidanmu na Zariya na tuna. Silin asbestos ne. Ina ganin kafinta yana yanka shi da zarto, farar ƙura har gashin girarsa, mu kuma muna tsintar gutsattsarin muna zane a ƙasa kamar alli.

Bayan isha'i na kira Yaya, don yana shirin gyaran rufin gidan namu na Zariya kafin damina. Na roƙe shi kada a fasa, a jiƙa a sauke ɗaya-ɗaya, a kwashe yara daga gidan. Ya ce to.

Sakamako sai Juma'a. Na kulle falon, Baban Ummi ya mayar da tsanin.