Kilo 80 ya tsaya a ka, bayan wata biyar

Jiya Laraba bayan la'asar a wurin atisayen ɗaga ƙarfe, kilo 80 ya hau saman kaina ya tsaya cak, gwiwar hannu a kulle, babu ƙarin turi ko kaɗan. Na haɗe ƙafa, na ƙirga uku, na saki ƙarfen ƙasa. Wallahi ihun da na yi sai da mai gadi ya leƙo.

Waɗanda muke tare tun bayan ƙaramar salla sun san inda na maƙale. Ɗauko ƙarfe zuwa kafaɗa ba ya ba ni wahala, har 85 ina kawowa. Jak ne ya ƙi ni, wato cilla ƙarfen daga kafaɗa zuwa saman kai a tunkuɗa ɗaya. Da zarar an wuce 75, ko ƙarfen ya zube gabana, ko in ƙarasa shi da turin hannu, wanda a gasa jar fitila kawai alƙalai za su kunna maka, alamar ba ka ci ba. Sai na yanke wa kaina hukunci cewa kafaɗata ce ba ƙarfi. Tsarin mako 12 da na rubuta a littafi ya bi ruwa tun a mako na uku, na koma turin tsaye, wato tura ƙarfe sama daga kafaɗa da hannu zalla ba taimakon ƙafa, sau uku a mako. Turin ya tashi daga 50 zuwa 60. Jak kuwa ko gezau. Ribar da na ci ita ce ciwon tsintsiyar hannu da riga mai matse hammata.

Wata 'yar'uwa da ke atisaye a wurinmu ranar Asabar ita ta kunyata ni, ba tare da ta yi niyya ba. Turin tsayenta 35 ne, da ƙyar ma. Amma na ga da idona ta cilla 70 sama kamar tana ɗora tire a ka. Ninki biyu ke nan na turinta. Ni mai turin 60 ina fama da 75! Da farko na ce ai sandar mata ce, kilo 15, kaurinta milimita 25, tamu kuwa kilo 20 da milimita 28, tata ta fi daɗin riƙo. Hujjar banza. Kilo 70 kilo 70 ne.

Na cire girman kai na ce ta duba min. Ta ɗauke ni bidiyo daga gefe, ta miƙo wayar ta ce, "Yaya, kalli dunduniyarka." Na kalla. Ina rusunawa sai dunduniya ta ɗaga, nauyi ya koma kan yatsu, ƙirji ya sunkuya, gwiwar hannu ta faɗi. Ƙarfen ya riga ya kama hanyar gaba tun bai bar kafaɗa ba. Ga shi na damƙe sandar tamau a tafin hannu maimakon in bar ta ta kwanta a kafaɗa, ƙarfin ƙafa bai ma isa gare ta ba. Hannuna na ta ƙoƙarin yin aikin cinya.

Ga yadda na fahimci abin. Tazarar ƙarfi tsakanin maza da mata ta fi faɗi a kafaɗa da ƙirji, a ƙafa ta fi raguwa. Mace ba ta da damar yin magudi da hannu, dole tun ranar farko ta koyi tunkuɗa ƙarfe da ƙafa ta shige ƙarƙashinsa. Mu maza hannu na rufa mana asiri a ƙananan kilo, sai nauyi ya ƙaru asirin ya tonu. Turin tsaye ma ai tun bayan gasar Olamfik ta 1972 aka cire shi daga gasa, ni kuma na ɓata wata biyar a kansa. A nan Kaduna bai kamata a ce sai an tuna min da Mariam Usman da tagullarta ta Beijin 2008 ba, ko Ruth Ogbeifo da ta ci azurfa a Sidni a 2000, shekarar da mata suka fara ɗaga ƙarfe a Olamfik.

Gyaran babu daɗi. Na sauko 55, ina rusunawa in tsaya daƙiƙa biyu kafin in tunkuɗa. A gida kuma bayana jingine da bango, sandar tsintsiya a kafaɗa, in sauka in tashi a miƙe, yara na ta dariya. Takalmi mai taurin dunduniya na samo a gwanjo a Kasuwar Barci, naira dubu 28 bayan dogon ciniki, har yanzu idan na tuna sai raina ya sosu. Amma ƙafa ta daina lilo.

Saura ƙafar baya, idan na raba ƙafa gaba da baya don shiga ƙarƙashin ƙarfen tana sauka a miƙe kamar icce, ga tsintsiyar hannun hagu ba ta gama warkewa ba. Asabar zan gwada 82, in an samo ƙananan faifan kilo ɗaya da suka ɓace tun watan jiya.