Kafin ku kwance injin yankan ciyawa

Ƙannena masu koyon kanikanci, idan aka kawo muku tsohon injin yankan ciyawa irin mai kujera, wanda ake hawa a filin ƙwallo ko harabar otal, aka ce ba ya ja, kada hankalinku ya fara tafiya kan fistin. Ni nan na taɓa yi. Injin ƙirar kamfanin Briggs & Stratton ne mai silinda biyu, yana tashi lafiya lau, amma da wuƙa ta shiga ciyawa sai ya kama nishi. Na ce ringin fistin ne, na sa mai shi ya kashe kuɗi, na kwance na ɗaure, ƙarfi bai dawo ba. Ashe fulogi ɗaya ne ya mutu, injin yana tafiya da silinda guda. Da na zare wayar fulogin ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba, da na gane tun farko: wadda aka zare ƙarar injin ba ta canza ba, ɓangarenta ne matacce.

Ku fara da iska da mai. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, alamarta baƙin hayaƙi da fulogi mai kunkunniya. Shi kuwa fetur, waɗannan injuna ajiye su ake yi duk rani tunda ba ciyawa, man ya kwana wata da watanni ya yi danƙo ya toshe kafireto. Za ku ji injin yana hawa yana sauka shi kaɗai. Injin da kuma yake aiki na ɗan lokaci sannan ya sare, ku sassauta murfin tanki. In ya farfaɗo, ƙaramar kafar iskar murfin ce ta toshe. Wannan ma ya taɓa sa ni wanke kafireto a banza.

Wani lokaci injin ba shi da laifi ko kaɗan. Dakusasshiyar wuƙa, ɗanyar ciyawar damina da ta daskare a ƙarƙashi, ko bel mai santsi, duk suna cinye ƙarfi. Amma ku zare wayoyin fulogi duka kafin ku sa hannu wajen wuƙa, yatsa ba ya tsirowa.

Bayan nan ne za ku auna tazarar bawul, injin yana sanyi. A yawancin irin wannan mai silinda biyu, milimita 0.10 zuwa 0.15 ce. Sai duk waɗannan sun fita lafiya, kun kuma gwada matsin silinda kun ga ya yi ƙasa, sannan ku kira mai inji ku yi maganar ringi.