Kafin Ki Sake Miƙa Ƙafarki Ga Likitan Tiyata

Jiya bayan la'asar 'yar ƙanwata ta shigo gidana a nan Makka tana ɗingishi, ta ce mini, "Inna, zan koma a sake yi mini aiki." Wata huɗu kacal ke nan da aka gyara mata ƙashin da ya turo a gindin babban yatsanta, yanzu kuma ciwo ya koma ƙarƙashin yatsa na biyu. Na kama ƙafar, na shafa kantar da ta fara fitowa a wurin, sai gabana ya faɗi, domin a daidai nan tawa ta fara.

Lokacin da aka yi mini nawa aikin, likita ya ce ƙashi yana buƙatar aƙalla mako 6 kafin ya haɗe. A mako na uku na cire takalmin asibiti na koma tsayuwa a gaban tukunya, saboda alhazai sun fara sauka, kuma da abincin da nake sayarwa a waɗannan makonni nake biyan hayar shekara. Har yau ban iya cewa ganganci na yi ba, ga marayu uku a hannuna, amma ƙafa ba ta san uzuri ba. Ƙashin ya warke a ɗage, ya daina ɗaukar nauyinsa, nauyin ya koma kan ƙasusuwan da ke kusa da shi, har na riƙa jin kamar tsakuwa nake takawa ko a kan marmarar Harami. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wanda ya kai kusan kilomita 3, sai a keke aka tura ni.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo. An ba ni shawarar shimfiɗar cikin takalmi mai ɗan tudu, na raina ta, na matsa sai an yi mini aikin da ake kira Weil, inda ake yanke dogon ƙashin ƙafa da ke gindin yatsa na biyu a rage tsawonsa a ɗaure da ƙusa. Ciwon ya ragu, ba zan ɓoye ba, amma yatsan ya sandare a sama, ba ya taɓa ƙasa har yanzu. An faɗa mini haka na iya faruwa, ni ce ban saurara ba.

Ku 'yan yanzu kuwa kun fi ni gaggawa. Bidiyon minti ɗaya a waya ya ishe ku yanke hukunci a kan ƙashinku, kuma ba ku fasa cusa ƙafa a matsattsen takalmin biki ba.

'Yata, kumburin irin aikin da aka yi miki yakan kai wata shida, wani lokaci shekara, saboda haka ki dakata. Ki sa a ɗauki hoton ƙafar kina tsaye a kanta, a gano tushen ciwon, domin cire ƙusa daban, cire kumburarriyar jijiya tsakanin yatsu daban, haɗe gaɓar babban yatsa yadda ba za ta sake lanƙwasawa ba kuma daban. Na ce ki dakata, amma kada ki zauna da ciwo kina ɓoyewa idan ya ƙi sauƙi. Ranar Lahadi zan raka ki wurin wani likitan, kuma ni zan yi masa tambayoyin.