Sakkwato a Tsakiyar Bazara da 'Yar Ƙaramar Laftof

Kawuna fatu yake saye, na awaki da na tumaki, ni kuma nake riƙe masa lissafi. Bana ciwon ƙafa ya matsa masa, sai ya ce in je Sakkwato a madadinsa, in zauna da mutanen da yake hulɗa da su, in ƙirga kaya, in rubuta na kowa, in riƙa turo masa da dare. Tsohuwar kwamfutata mai inci 15.6 ba ta tafiyar nan. Batirinta ya daɗe da mutuwa, ana zare caja take ɗaukewa. Shi ya sa ana jibi zan tashi na shiga Beirut Road a nan Kano na sayi sabuwa, 'yar ƙarama, mai fuska inci 11.6.

Da aka zaro ta daga kwali na ɗauka da hannu ɗaya, abin da ya fara burge ni rashin nauyi. Kilo ɗaya da 'yan kai ce, girmanta bai wuce allon yaron da aka sa makaranta jiya ba. Ba ta da fanka a ciki, don haka ko ƙaramin sauti ba ta yi. Cajarta irin bakin nan ce ta wayoyin zamani, USB-C, mai wat 45. Mai shago sai nuna mini yake inda aka rubuta awa 12 a jikin kwali. Ni kuwa na juya bayan kwalin ina neman wata lambar daban, na same ta: batirin wat-awa 42 ne. Wannan ita ce lambar da ba ta ƙarya. In kwamfuta tana shan wat 5, za ta yi awa 8 da ɗoriya. In ta koma shan wat 10, awa 4 ke nan. Awa 12 ɗin nan sai a ɗaki mai sanyi, an rage hasken fuska, ba a taɓa intanet.

Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai kowa a motar ya yi shiru daga Tsafe, direba kuma bai tsaya ko sayen ruwa ba. An san hanyar nan ba a yin dare a kanta.

Gaba da Gusau, kafin Talata Mafara, aka tsayar da mu a wani shinge. Wani jami'i ya leƙo, idonsa ya sauka kan jakar da ke cinyata.

"Kai, mene ne a ciki?"

Na ce, "Kwamfuta ce, ranka ya daɗe."

"Sauko. Ina rasit?"

Na miƙa masa. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce wannan kowa ma zai iya rubutawa a bakin titi. Na kifa kwamfutar na nuna masa lambar da ke ƙasanta, na ɗora yatsa a kan wadda mai shago ya kwafa a rasit, harafi da harafi sun yi daidai. Bai ko kalla ba. Ya ce in kunna ya ga abin da nake ɓoyewa. Cikin 'yan daƙiƙu ta buɗe, babu komai a ciki sai jadawalin Excel mai sunayen garuruwa da adadin fatu. Ya tsaya yana danna nan yana danna can da ɗan yatsa mai maiƙo, mota cike da mutane tana gasuwa a rana. Wata tsohuwa ce daga kujerar baya ta ɗaga murya: "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah, ka dubi inda rana take, ka san hanyar da ke gabanmu." Sai ya tura mini ita a ƙirji ya juya baya, ko "tafi" bai ce ba. Abin ya ci mini rai har Tureta. Mutum ya sayi kayansa da guminsa, ya riƙe shaida, amma a tsare shi kamar ɓarawo. Duk mai bin hanyar nan da laftof, ya tabbata an rubuta lambar jikinta a rasit, kuma rasit ɗin yana aljihunsa, ba cikin akwati a but ba.

Mun wuce Dange da Shuni, muka shiga gari ta Kwannawa gab da la'asar. Ina sauka iska ta doke ni a fuska, busasshiya, mai zafi har cikin hanci. Mu Kanawa muna kukan zafi a Afrilu, amma wanda bai zo Sakkwato a watan nan ba bai gama sanin bazara ba. Wayata tana nuna digiri 43. Babura kuwa ko'ina, 'yan kabu-kabu suna ta kira. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 na manta daɗin a ɗauke ka daga tasha a dire ka ƙofar gida ba tare da an zaga da kai unguwa uku ana sauke wasu ba, kuma kuɗin bai kai na adaidaita ba. A nan ne na fara gode wa ƙanƙantar kwamfutar. Na rataya jaka a ƙirji, na manta tana ciki.

Mai masaukina, Alhaji, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana ciniki da Kawu. A zaure na same shi, na durƙusa na gaishe shi.

"Lale da ɗana, lale da mutanen Kano. Yaya ka baro ƙafar kawun naka? Taho cikin inuwa ka sha hura tukuna, aiki ba ya gudu."

Furar nan ta gero ce mai kauri, an dama da nono mai tsami kaɗan, ga ƙanƙara tana yawo a ciki. Na ce zan nemi masauki a gari, ya dube ni kamar na zage shi. Ɗakin babban ɗansa aka share mini, aka tura yaron wajen ƙannensa. Da dare na buɗe kwamfutar ina nuna masa yadda nake jera kayan kowane dillali, ya sa tabarau ya sunkuyo. "Wagga 'yar aba ita ka riƙe lissahin duka?" Na ce ita ce, Baba. Ya ce shi kam littafinsa da ƙwaƙwalwarsa ba su taɓa neman caji ba, amma ya ji daɗin yadda jimla take fitowa da kanta.

A daren ne na ga iyakar ƙoƙarinta. Babu wuta a unguwar, sola ce ke juya fanka. Na rage hasken fuska ƙasa sosai tunda ɗakin duhu ne, na kashe intanet, na zauna shigar da tsofaffin lissafi daga bayan isha'i har wajen sha biyu. Daga kashi 100 ta sauko 58. Wato in aiki irin wannan ne, awa 8 zuwa 9 ba gardama. Madannanta sun ɗan matsu, mai manyan yatsu zai sha kuskuren danna biyu lokaci guda, kuma ba su da haske, sai da na jingina tocilar waya a gefe. Wurin ajiyarta giga 64 ne, manhajar da take tafiya a kai ta riga ta cinye kusan rabi. Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ake kan yi, giga 4, in ka buɗe shafukan intanet da yawa sai ta fara jan ƙafa. Ga lissafi da rubutu dai ba ta da laifi.

Washegari a rumfar fatu labari ya canza. Fatun jar akuyar Sakkwato ne jibge, an yi musu gishiri, ana ɗaga kowace a duba ta a rana: wadda wuƙa ta huda wajen fiɗa, wadda ƙazuwa ta ɓata, wadda ta fita lafiya. Fatar nan ce tun zamanin ayari ake haye Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta ta Maroko alhali daga nan take. Dillalai suna kiran adadi, ni ina shigarwa. Amma hasken da ke shigowa rumfar ya sa ba na ganin komai a fuskar kwamfutar sai inuwar kaina, dole na ƙure mata haske. Na kuma jona ta da intanet ɗin wayata don Kawu yana son ganin hotunan kaya kafin a yanke farashi. Na fara da ƙarfe tara a cike. Ƙarfe ɗaya da rabi ta yi gargaɗi, saura kashi 9. Awa 4 da rabi. Ba zafi ne ya shanye cajin ba kai tsaye, rana ce ta tilasta mini ƙara haske, fuska kuma ita ce babbar mai shan wuta a irin waɗannan ƙananan.

Zafin ya zo da nasa sharrin ta wata hanya. Akwai mai cajin waya a bakin layi, shagon kwano, janareta na ƙara a baya. Waya ₦200, laftof ₦500. Na ce masa batirin nan bai fi na wayoyi biyu zuwa uku ba, kuma ba zai daɗe ba, ya ce doka ɗaya ce ga kowace kwamfuta. Na biya. Bayan na yi sallah na dawo, tana nan a kashi 9, ko ɗaya ba ta ƙara ba, gindinta kuwa ba ya taɓuwa. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an sayar mini da matacciya.

Ɗan Alhaji, wanda ke karatun kimiyya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ya kwantar mini da hankali. Ya ce, "Yaya, lafiyarta lau. Batirin litiyam ba a cajinsa in zafinsa ya haura wajen digiri 45, akwai abin da ke tsare shi a ciki, shi ne ya hana." Muka koma gida. A kusurwar zaure akwai randuna biyu a kan yashi mai laima. Ya jera tubali biyu kusa da su, ya ɗora ta a kai a buɗe yadda iska za ta bi ta ƙasa. Na ce ko a sa ta a firji na ɗan lokaci, ya ce kul, raɓa za ta taru a ciki ta ƙone ta. Muna cin abinci ta huce. Ya jona ta a inbatar gidan, fitilar caji ta kama nan take, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ta haura kashi 80. Ya ƙara da cewa yawan barinta a zafi, musamman tana cike, shi ke tsufar da batiri da wuri, kada in kuskura in bar ta cikin mota a rana. Ya koya mini wani abu kuma: a Windows in ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fito maka da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Duk mai sayen ta hannu ya kamata ya sa a yi masa wannan a gaban mai shago kafin ya ƙirga kuɗi.

Daga ranar na sauya tsari. Caji da asuba da kuma bayan magariba, aiki a can ƙuryar rumfa inda duhu ya fi, hotuna kuma in tara su in tura gaba ɗaya. Da haka take kai ni la'asar.

Na shiga babbar kasuwa neman fawa-bank. Wani saurayi ya fito mini da ɗaya an rubuta 50,000 a jiki, ga araha, ga shi ba nauyi. Da na ce laftof zan caja, sai ya janye hannunsa. "Malam, wanga bai yi maka. Waya ɗai shika cikawa." Gaskiyarsa, bolt 5 kawai yake fitarwa, laftof kuwa sai mai alamar PD da ke iya kai bolt 20. Irin wannan mai 20,000 yana ɗauke da wajen wat-awa 74, in an cire abin da ke salwanta zai cika tawa sau ɗaya da kusan rabi. Ba shi da shi, ya kuma ce ba ya jin zan samu a layinsu da farashi mai daɗi, gara in bari sai Kano. Wannan hali ya tsaya mini a rai. A wajenmu da yawa sai sun sayar maka tukuna, in ka dawo a ce kaya ya fita ba ya komawa. Sakkwatawa ba su da zaƙin bakin ɗan kasuwar Kano, magana ɗaya suke yi maka a taƙaice har ka zaci fushi ne, amma ban ga wanda ya yi ƙoƙarin cusa mini abin da ba zai amfane ni ba. Inda suka fi mu tsada shi ne duk abin da ya shafi sanyi. Ƙanƙara da ruwan leda mai sanyi kuɗinsu ya ɗara namu. Albasa kuwa da nama, ka ce kyauta ake bayarwa.

Cinikin da na fi jin daɗinsa na wajen dukawa ne. Na kai wa wani dattijo kwamfutar, ya auna ta da igiya, tsawo da faɗi, ya ƙulla alama. Ya ce ₦12,000, na taya 6,000, ya ce albarka ya ci gaba da ɗinkinsa bai sake ɗago kai ba. Muka daidaita a 8,000. Jakar jar fata ce da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ya yi mata shafi mai laushi a ciki da ɗan aljihun caja. Ta roba da ake sayarwa a Kano ta kusa wannan kuɗin, kuma ba ta shekara.

Ranar Juma'a Alhaji ya kai ni Hubbare, inda Shehu Usmanu yake kwance tun 1817. Na tarar da baƙi har daga Nijar, kowa ya sassauta murya. Kwamfuta a gida na bar ta.

Illela na je na dawo a yini ɗaya ta Kware da Gwadabawa, ƙura ta shiga tsakanin madannai sai da na bi da burushi. Acida ma haka, na ƙarasa Wurno na ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Bello. A duka biyun cajin safe ya ishe ni.

A dawowa ba wanda ya tambaye ni rasit. Alhaji ya cika mini but da albasa da kilishi ya ce na Kawu ne, ya hana ni biyan kuɗin mota. Kawu ya duba lissafi ya ce bayan Babbar Sallah, lokacin da fatun layya ke fitowa, ni zan sake komawa, kuma aikin zai ninka wannan. Kafin nan sai na samo fawa-bank ɗin nan mai PD da katin ƙarin wurin ajiya, don hotunan fatu kaɗai sun kusa cika ta.