Jinin da ke zuba a cikin ido ba tare da an ji ciwo ba

Mutum ya kwanta lafiya lau, da asuba ya tashi yana ganin baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje, ko zare-zare kamar saƙar gizo. Wani ma jan hazo ne ke rufe masa gani ɗungurungum. Babu zafi, ba a doke shi ba, idon kuma fari tas daga waje. Jinin yana can baya, cikin ruwan nan mai yauƙi kamar farin ƙwai da ya cika ƙwayar ido, wanda yawansa kusan mililita 4 ne kacal, don haka ɗan kaɗan ya isa ya tare haske. Dabam yake da jan da kan kwanta a kan farin ido, wanda ke washewa da kansa cikin mako biyu.

Ciwon suga da ya daɗe shi ne kan gaba wajen jawo wannan zubar jini. Ƙananan jijiyoyin ratina, wato shimfiɗar da ke ɗaukar hoto a bayan ido, su toshe, sai ido ya tsiro sababbi marasa ƙwari, da an ɗan ja su sai su fashe. Haka kan faru idan jijiyar da ke kwashe jini daga ratina ta toshe, galibi ga masu hawan jini. A ƙasarmu sai a ƙara da sikila, kuma mai nau'in SC ya fi mai SS gamuwa da wannan, duk da ciwonsa ya fi sauƙi a jiki.

Wanda ba ya jira shi ne yagewar ratina. Shekaru na ja, ruwan yana tsinkewa ya janye, wani lokaci ya fizgi ratina ya yaga ta tare da jijiya. Alamarsa walƙiya a gefen ido. In ba a ƙone kewayen yagewar da leza, wato wani haske mai ƙarfi, cikin 'yan kwanaki ba, ruwa na iya bi ta ƙasa ya ɗaga ratinar. Shi ya sa idan jini ya hana likita hango baya, dole a yi sikanin ido, kuma a maimaita.

In ratina na zaune, a kwana da kai a ɗage kan matashi biyu ko uku don jinin ya kwanta ƙasa. Maganin ɗigawa da tozali ba sa kaiwa wurin. Mai shan asfirin saboda zuciya kada ya daina sai likitansa ya ce. Da hanya ta buɗe sai a yi leza, wani sa'in a haɗa da allurar maganin Avastin a cikin ido, miligiram 1.25, don jijiyoyin banza su janye, sai dai aikinta na makonni ne.

Jinin da ya ƙi washewa bayan wata 1 zuwa 3 sai tiyata, kuma ba a jira haka in ratina ta ɗaga ko idon ke nan guda. Ana huda ƙananan ƙofofi 3, a zuƙe ruwan da jinin, a yi leza daga ciki. Wanda aka sa wa iskar gas a cikin ido lokacin aikin ba ya hawa jirgin sama sai ta ƙare, domin kumbura take yi. Bayan aikin yanar ido kan yi saurin zuwa, matsin ido na iya hawa, mai suga kuma jinin na iya dawowa.

Yawan jinin ba shi ke nuna irin ganin da zai dawo ba, lafiyar tsakiyar ratina ce. Yagewar da aka tara da wuri kan bar gani garau. Wanda suga ya riga ya cinye wa tsakiyar, ko an kwashe jinin tas, karatu zai yi masa wuya. Ɗaya idon ma a buɗe shi da magani a duba ran nan, domin suga da sikila ba kasafai suke taɓa ido ɗaya su bar ɗaya ba.