Motocin lantarki na ta sayuwa, amma ribar ba ta kowa ba ce

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a Kano, kuma ta wannan ƙofar na shiga hannun jarin kamfanonin motocin lantarki. Motar da ba ta da fulogi, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen baƙin mai, ranar da ta cika titi rabin kayan shagona sun tashi daga aiki. Na ce to, abin da zai rage mini ciniki gara in mallaki wani yanki nasa. A ƙarshen 2020 na buɗe asusu a ɗaya daga cikin manhajojin nan da ke bai wa ɗan Najeriya damar sayen hannun jarin Amurka ta waya, ko da na 'yan daloli ne.

Tesla na fara saya, kamar kowa a lokacin. A shekarar kaɗai farashinsa ya ninka fiye da sau takwas, aka kuma shigar da shi jerin manyan kamfanoni na S&P 500 a watan Disamba. A Oktoban 2021 kamfanin hayar motoci na Hertz ya ce zai sayi Tesla 100,000, darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan ɗaya. Wata guda bayan haka Rivian, wani sabon kamfanin motocin lantarki na Amurka, ya shiga kasuwa a kan dala 78 kowane hannun jari, cikin 'yan kwanaki ya wuce dala 170, darajarsa ta zarce ta Ford da ta General Motors, alhali motocin da ya miƙa wa masu saye ba su taka kara sun karya ba. Kuɗi ne ke yawo yana neman inda zai zauna. Kuɗin ruwa a Amurka kusan sifiri yake, don haka duk wanda ya zana mota mai kyau ya ce nan da shekara uku zai ƙera dubu ɗari, sai a yi masa ruwan dala. Ni ma na ɗauki wani ƙaramin kamfani irin waɗannan na haɗa da Tesla.

A wannan ƙaramin na ga wani abu da ban san da shi ba a kasuwancinmu na shago. Kamfanin da yake kashe kuɗi fiye da abin da yake samu, idan asusunsa ya kusa ƙarewa, ba rufewa yake yi nan take ba. Sababbin hannayen jari yake bugawa ya sayar. Kai da kake riƙe da naka ba a taɓa maka ko ɗaya ba, amma kason da kake da shi a kamfanin yana ta tsukewa duk sanda aka yi haka. Idan farashin ya faɗi warwas, sai a haɗe hannaye da yawa su koma ɗaya don lambar ta yi kyan gani. Na sayar da nawa da asara kafin a kai ga zagaye na gaba. Wasu kamfanonin ma ko wannan dabarar ba ta cece su ba: Lordstown ya durƙushe a Yunin 2023, Fisker a Yunin 2024, Nikola a Fabrairun 2025. Idan aka zo rabon abin da ya rage, masu bin bashi ake fara sallama, mai hannun jari shi ne na ƙarshen layi, kuma galibi hannu rabbana yake komawa. Shi dai Nikola labarinsa ya fi ban takaici, don an tabbatar cewa babbar motar da suka nuna a bidiyo tana tafiya gangarowa kawai ta yi daga kan tudu, kuma a 2022 kotu ta sami wanda ya kafa kamfanin, Trevor Milton, da laifin damfara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a shekarun nan shi ne, hasashen da ya shigo da ni bai ƙaryata ba. A 2020 motocin lantarki wajen miliyan 3 aka sayar a duniya, idan an haɗa da masu amfani da batir da fetur tare. A 2024 sun kai miliyan 17. Kasuwa ta ninka fiye da sau biyar, amma hannun jarin Rivian ya koma ƙasa da dala 20, Tesla kansa ya zubar da kusan kashi 65 cikin ɗari na darajarsa a 2022, shekarar da babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa. Ashe yawan masu sayen kaya daban, ribar mai ƙera kayan daban.

Dalilin kuwa gasa ce. A Janairun 2023 Tesla ya zaftare farashin motocinsa, wasu har da kashi 20 cikin ɗari a Amurka, a ƙasar Sin kuma sauran kamfanoni suka mayar da martani, kowa na rage nasa. Ribar da Tesla ke samu daga ayyukansa ta sauka daga kashi 16.8 cikin ɗari na kuɗin cinikinsa a 2022 zuwa 9.2 a 2023. Duk wanda ya san yadda baburan Sin suka ture na Japan a kasuwanninmu ya san inda irin wannan ke ƙarewa: mai saye ya ji daɗi, dillali kuwa sai ya sayar da goma kafin ya sami abin da yake samu a kan biyu. Har Xiaomi, da muka sani da waya, ya fito da motarsa SU7 a 2024.

A nan ne na fara karanta labarin BYD, kamfanin motoci na ƙasar Sin, da natsuwa. Batir ya fara ƙerawa a Shenzhen tun 1995, mota daga baya ta zo. Batir shi ne abu mafi tsada a jikin motar lantarki, don haka wanda yake yin nasa da kansa zai iya rage farashi har abokan gasarsa su fara haki shi bai ji komai ba. A 2022 ya daina ƙera mota mai fetur zalla. Ƙaramar motarsa Seagull ta sauka ƙasa da yuwan 70,000, wato wajen dala dubu goma. A wata ukun ƙarshe na 2023 ya sayar da motocin batir zalla fiye da Tesla, a 2024 kuma jimillar motocinsa ta haura miliyan 4.2, yayin da Tesla ya tsaya a miliyan 1.79, ƙasa kaɗan da na shekarar da ta gabata. Kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya ga wannan tun 2008, ya sayi kusan kashi goma na BYD a kan dala miliyan 230, bai fara sayarwa ba sai bayan shekara 14. Ni ban sami hannun jarin kai tsaye a manhajata ba, sai ta wani asusun haɗaka da ya tattara kamfanonin batir da na mota, ciki har da kamfanin CATL na ƙasar Sin da ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar batir ta duniya.

Ma'adinin litiyom da ake yin batir da shi, ban zuba kuɗi a cikinsa ba, kuma na gode Allah. Tan ɗaya ya kusa yuwan 600,000 a Nuwamban 2022, kafin ƙarshen 2023 ya faɗo zuwa wajen 100,000. Masu murnar masana'antar litiyom da aka buɗe a Nasarawa a 2024 su riƙa leƙa wannan farashin.

Wani abin da ke ruɗar mu 'yan Najeriya shi ne naira. Lokacin da na shiga, dala ba ta kai naira 500 ba. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Hannun jarin da ya faɗi da rabi a dala, idan ka juya shi zuwa naira sai ka ga kamar ka ci riba, alhali da dalar ka ajiye a aljihu da ka fi haka. Da dala nake lissafina yanzu. Kafin in sayi komai kuma ina duba yawan bashin ruwa da ke kan kamfanin saboda halaccin abin, in duba kuɗin da ke asusunsa da abin da yake ƙonawa duk wata uku, in raba in ga wata nawa suka rage masa kafin ya dawo neman kuɗi.

Abin da lissafi ba ya kamawa shi ne gwamnati. A 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi ɗari cikin ɗari a kan motocin lantarkin Sin, Tarayyar Turai ta ƙara wa BYD kashi 17, SAIC, wani kamfanin motocin Sin, kuma kashi 35.3, a kan goman da ake biya da ma. A ƙarshen Satumban 2025 rangwamen dala 7,500 da Amurka ke yi wa mai sayen motar lantarki ya ƙare. Sa hannu ɗaya a Washington ko Brussels na iya sauya ribar kamfani fiye da sabuwar motar da ya shekara biyar yana ƙerawa, shi ya sa kuɗin da nake bari a wannan fannin ba ya wuce abin da idan ya narke ba zai hana ni sake cika shago ba.